Bas Mai Kiɗa a Hanyar Sara

Ka ga gawar motar nan, kada ka ce ba ka gani ba. Tana nan yashe a gefen hanyar Gwaram, kafin a shiga Sara, baƙa ƙirin, ba taya ba gilashi. Ka wuce ta a cikin wata bas ɗin, kiɗa na dukan kunnenka, ka ce "Allah Ya kiyaye," ka kau da kai, ka ci gaba da ɓare gyaɗarka. Mata uku ne suka ƙone a kujerarta ta baya. Ba ka tambayi sunansu ba, balle abin da ya kashe su. Kuɗin man fetur ya shigo ƙasar nan, ya cika mana tasha da motoci da rediyoyi, amma har yau bai saya mana bakin tambaya ba. To ga abin da ka ƙi tsayawa ka ji.

Ranar kasuwar Sara ce. Sai bayan azahar labari ya iso caji ofis na Birnin Kudu, cewa wata bas ta kama wuta da fasinja a ciki. Sufeto Badaru ya ɗauki hularsa, ya kira Kofur Ƙasimu, suka hau Landiroba.

Badaru dogo ne, ba ya son yawan magana. Ya yi shekaru a garejin 'yan sanda a Kano kafin a ƙara masa girma a turo shi nan, saboda haka ya san cikin mota.

Ko da suka isa, an riga an kwashe gawawwakin. Kowa na gaggawar a rufe su kafin rana ta faɗi. Waɗanda suka ji rauni an wuce da su asibiti. Direban ne kaɗai ya rage, zaune a gindin wata tsamiya, hannuwansa biyu naɗe da tsumma, sun kumbura suntum.

"Kai ne direba?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Hambali."

"Motar wa?"

"Ta Alhaji Sanda ce, shugabanmu na tasha."

"Me ya faru?"

"Wani tsoho ne ya shigo da galan na kananzir, aka tura ƙarƙashin kujera. Muna cikin tafiya sai wuta."

"Kananzir ɗin ne ya kunna kansa?"

"Wataƙila wani ya yar da guntun taba."

"Wa ke shan taba a ciki?"

Hambali ya dubi ƙasa. "Ni idona na kan hanya."

"Hannunka fa?"

"Ƙofa ce. Ta yi ja, na kama na ja ta. Na gaba da na tsakiya sun fita. Na baya..." Ya dubi hannuwansa. "Wutar a tsakiya take, tsakaninsu da ƙofa."

Wannan kam Sufeto ya yarda gaskiya ce. Ya bar shi, ya shiga cikin ƙonanniyar motar.

Tsakiya da baya sun cinye ƙurmus. Gaba ne kawai ya ɗan tsira, don mutanen ƙauye sun yi ta watsa ƙasa. Ya tsuguna yana tone toka da tsinke. Ga wata waya nan, robarta ta narke, jan ƙarfen tsirara, ta taso daga ƙarƙashin kujerar direba ta miƙe har baya. Ba kamfani ya saka ta ba. Ya bi ta. A ƙarƙashin kujerar baya ta ƙare, a tsinke. A wurin akwai shatin wani abu mai kusurwa huɗu da hayaƙi bai taɓa ba, da ramukan noti huɗu, bakinsu na ƙyalli.

An kwance wani abu a nan, kuma bayan wutar ta mutu aka kwance shi.

Ya leƙo ta taga. "Hambali, akwai kiɗa a motar nan?"

"Rediyo ce kawai a gaba, ranka ya daɗe. Ita ma ta daɗe da mutuwa."

Washegari da safe, wani dattijo ya shigo caji ofis, ƙafafunsa buɗu-buɗu. Daga Kangire ya tako. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa gaban kanta.

"Sunana Sulaimanu. Ni ne mai kananzir. Ku rufe ni."

Sufeto ya fito daga ofishinsa. "Tashi ka hau benci, Baba."

"Nan ya ishe ni. Matata Mero na cikin waɗanda suka ƙone. Jiya na saka ta a rami da hannuna, ba a iya yi mata wanka ba ma, sai taimama. Fitila nake so in riƙa kunna mana, shi ya sa na saya. Ni na kashe ta, na kashe 'ya'yan mutane biyu."

"A ina ka ajiye galan ɗin?"

"Direba na miƙa wa. Shi ya ce a ƙarƙashin kujerata yake."

"Ka gan shi a can da idonka?"

"Me zai sa ya yi mini ƙarya, ɗan nan?"

Babban jami'in ofishin, wanda ke sama da Badaru, ya ji daɗin abin ƙwarai. Ya ce mai laifi ya kawo kansa da ƙafarsa, a rubuta, a tura shi kotu kafin mako ya fita. Aka buɗe ɗakin tsare mutane aka saka tsohon. Aka kai masa koko, bai taɓa ba.

Da hantsi Alhaji Sanda ya iso, babbar riga fara sol, ƙanshin turarensa ya riga shi shigowa. Ya nemi a nuna masa tsohon. Malam Sulaimanu na ganinsa ya rarrafo, ya ziro hannu ta tsakanin ƙarafa ya kama gefen rigarsa.

"Alhaji, na ƙona maka dukiya. Ka yafe mini don Allah."

"Haba, Baba. Na yafe, duniya da lahira. Ƙaddara ce, wa ya isa ya tare ta?" Ya juyo yana share ido. 'Yan sandan da ke wurin suka yi ta jinjina kai, wani har ya ce da irin su Alhaji ake ado a gari.

Sufeto ya ce, "Alhaji, jiya kana ina?"

"Kano, Sufeto, tun asuba. Na je ƙaro kwanon rufi, ginina ya tsaya. Sai da na dawo na ji mugun labari."

"An ce motar tana da kiɗa."

"Kiɗa? Subhanallahi. Ni da na je ɗakin Allah bara?"

Sufeto ya san idan bai samo abin da aka kwance daga motar nan ba, tsohon nan zai tafi gidan yari. Abin da ya fi wannan muni, zai tafi yana mai gaskata cewa shi ya ƙona matarsa.

A asibiti ya sami Balaraba, wata dattijuwa mai sayar da daddawa. Ƙafafunta duka biyu a naɗe.

"Sannu, Inna. A ina kike zaune a motar?"

"Tsakiya, ɗan nan, kusa da ƙofa. Shi ya sa kake ganina."

"Ana kiɗa?"

"Kiɗa? Har cikin haƙarƙarina nake jin sa. Ai saboda shi ake rububin motar. Duk wadda ta fi ƙara ita ke fara cika, kai ma ka sani."

"Me kika fara ji kafin wutar?"

"Ƙauri. Irin na roba. Muka ce direba, wani abu na ƙonewa. Bai ji mu ba, ina zai ji? Sai na ji tafin ƙafata kamar na taka garwashi. Kafin in ɗaga, soson kujera ya kama."

"Kin ga galan na kananzir a ƙarƙashin kujera?"

"Na tsohon nan? A'a. Sama aka ɗaure shi, tare da kwandona. Har na yi faɗa, na ce kada ya zubo mini a daddawa."

Kofur Ƙasimu ya dubi Sufeto. Sufeto bai ɗauke ido daga kanta ba.

"Kiɗan bai taɓa tsayawa ba?"

"Ya tsaya tun muna tasha. Ɗif. Mutane suka fara sauka suna komawa motar wani. Sai aka ɗaga kujerar direba, aka yi 'yan ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashe, sai ga shi ya dawo, ya fi na da. 'Yan tasha har da tafi."

"Wa ya gyara?"

Balaraba ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. "Kai gobe za a ɗauke ka a kai ka wani gari. Ni a nan zan ci gaba da kasa daddawata. Ƙafata na ciwo, ɗan nan."

Suka koma wurin motar. A ƙauyen da ke kusa, mai unguwa ya buɗe musu zaurensa. Kayan da aka yanko daga saman bas ɗin suna nan jibge: buhunan gero, kwandon daddawa, wani keke. A tsakiyarsu ga galan na ƙarfe, murfinsa a ɗaure tam da leda. Sufeto ya girgiza shi. A cike yake.

"Me ya sa ba ka kawo mana wannan ba? Ka ji ana cewa shi ya tada wutar."

"Ba a tambaye ni ba, ranka ya daɗe."

"Wa ya shiga motar bayan ta huce, kafin mu zo?"

Mai unguwa ya dubi rufin zaurensa. "Mutane da yawa sun taru. Ni kuma idona ba shi da ƙarfi."

Sufeto ya sake shiga motar. Ya bi wayar nan a hankali. A ƙarƙashin kujerar tsakiya ta ratsa ta wani rami da aka huda a jikin ƙarfe, bakinsa kaca-kaca kamar na gwangwani, ba ko ɗan robar da za ta tare ta. A nan jan ƙarfen ya narke ya manne. Daga nan ya koma gaba, ya ɗaga abin da ya rage na kujerar direba. Ga batir, ga wayar ta fito daga kansa, ga ɗan gidan fis a jikinta.

Fis ɗan mitsitsin kwalba ne, bai kai gaɓar yatsa biyu ba, da siririn zaren ƙarfe a ciki. Aikinsa ke nan ya tsinke. Idan waya ta goge ta taɓa jikin mota, shi yake mutuwa, wuta ta yanke, a rasa kiɗa a tsira da rai.

Sufeto ya ɓalle gidan da wuƙa. Babu fis a ciki. Guntuwar ƙusa ce ta faɗo tafin hannunsa, wajen tsinin, an datse ta da filaya.

Ƙusa ba ta tsinkewa. Tun daga tasha wayar nan ke gogar ƙarfe a kowane gargada, har ta yi ja daga gaba zuwa baya a ƙarƙashin ƙafafun mutane.

Mutum ɗaya ne ke yi wa motoci aikin waya a tashar Birnin Kudu, wato Ɗanbala rewaya. Rumfarsa na jingine da katangar tasha, cike da matattun batura. Suka same shi yana cin goro. Daga bayan katanga kiɗan wata mota na tashi har kwanon rumfar na rawa.

"A'a, manya da kansu! Fitilar Landiroba ce ta mutu? Ai da an aiko, ranka ya daɗe."

"Kai ka saka wa bas ɗin Alhaji Sanda kiɗa?"

"Ni? Ni iyakata fitila da hon."

Sufeto ya ɗauki wani nadin waya daga kan tebur, siririya, irin wadda ake ja wa ƙwan lantarki a ɗaki. Ya fito da guntun da ya yanko daga motar ya jera su. Kauri ɗaya.

"Wannan ai kowa na sayarwa," in ji Ɗanbala.

Kofur Ƙasimu ya sa ƙafa ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin teburin. Ya zazzage. Wani akwatin ƙarfe ya faɗo, baƙi, maɓallansa sun narke, da kunnuwa huɗu na ɗaurin noti.

Goron ya tsaya a bakin Ɗanbala.

"Mene ne wannan?"

"Amfilifaya ce, ranka ya daɗe. Ita ke ƙara wa kaset ƙarfi."

"Ta ina ta fito?"

"Tsarabar Makka ce. Guda biyu aka kawo, ɗaya ta wannan bas, ɗaya ta ɗaya bas ɗin."

"Faɗa mini yadda ka haɗa."

Ɗanbala ya tofar da goron. "Na ɗaure ta a ƙarƙashin kujerar baya. Lasifika huɗu, biyu gaba biyu baya. Na jawo wuta daga kan batir, ɗaya wayar na ɗaure a jikin mota. Wallahi na sa fis, ranka ya daɗe, dab da batir, yadda ake yi."

"Da wayar ƙwan ɗaki."

"Mai kaurin sai Kano. Aka ce ba za a jira ba."

"Ramin fa?"

"Da kurfi da guduma na huda. Ba ni da robar da ake sawa."

"Fis ɗin ya yi ta mutuwa?"

"Kullum."

"Ka san dalili?"

"Na sani. Waya ce ke taɓa ƙarfe. Na ce a kawo in naɗe ta. Aka ce sai bayan kasuwa."

"Kai kuma ka koma ka zauna." Sufeto ya ajiye guntuwar ƙusar a kan tebur. "Wannan fa?"

Ɗanbala ya ja da baya. "Na rantse da Allah ba ni ba ne! Ni in fis ya ƙare, takardar kwalin taba nake naɗawa, ita ko ba komai tana narkewa. Ƙusa kuwa, ai hauka ce."

"Wa ya kawo maka buhun nan?"

"Hambali."

"Hambalin da ko cokali ba ya iya riƙewa? Shi ya kwance noti huɗu da hannun da babu fata?"

Ɗanbala ya ce, a hankali, "Rumfar nan da kake gani, ba tawa ba ce. Aro aka ba ni."

Sufeto ya dubi ƙusar. Rabi ce. Amfilifaya biyu, bas biyu, mai haɗawa ɗaya da kurfi ɗaya. Ya ɗaga kai yana sauraron kiɗan da ke girgiza kwano.

"Wace mota ce wannan ke kiɗa?"

Bai jira amsa ba, ya fita da gudu.

Ɗaya bas ɗin Alhaji Sanda ce ke lodin Gwaram. Ta cika maƙil, mata da goyo a baya, ana ɗaure kaya a sama. Alhaji na zaune a benci ƙarƙashin darbejiya, 'yan kamasho kewaye da shi. Hambali na gefe a rakuɓe, hannuwansa a kan gwiwa.

"Kowa ya sauka!" in ji Sufeto.

Ba wanda ya motsa. Wani mai hula ja ya leƙo ta taga. "Haba, yallaɓai, tun ɗazu muke jira ta cika. Ka bari mu tafi mana."

Sai da Kofur Ƙasimu ya buga kulki a jikin motar suka fara fitowa, suna gunaguni. Sufeto ya ture direban, wani saurayi mai suna Haladu, ya ɗaga kujerarsa. Gidan fis ɗin ya yi zafi har ba ya taɓuwa. Ya naɗe hannu da hankici ya ɓalle shi.

Kiɗan ya ɗauke. Tasha ta yi tsit.

Abin da ya fito ɗaya rabin ƙusar ne, wajen kan, da faffaɗar hularta. Ƙusar rufin kwano ce. Sufeto ya taka har gaban benci, ya haɗa guntayen biyu a gaban idon Alhaji Sanda. Bakin yankan ya zauna daram.

"Yaya ginin, Alhaji? An gama rufin?"

"Ban gane ba, Sufeto. Wannan ai aikin direbobi ne. Haladu, kai ka sa wannan abin?"

"Ni, Alhaji?" Haladu ya dubi jama'a.

"Ka ce kana Kano ranar. Ka ce motarka ba kiɗa. Kananzir ɗin tsoho na ofishina, ko ɗigo bai zuba ba. Amfilifayarka ma tana can." Sufeto ya juya. "Hambali, tsohon nan bai ci abinci ba tun da ya rufe matarsa. Wa ya ce ka ce kananzir ne?"

Hambali ya dubi Alhaji. "Alhaji, kai ka riƙe ni tun ina yaro, kai ka yi mini aure. Amma ba na iya barci. Ina rufe ido sai in ji su suna kiran sunana." Ya juyo wajen Sufeto. "Shi ya datse ƙusar, a nan, gaban benci. Da wuta ta mutu shi ya fara isowa a ƙaramar motarsa. Ya kwance akwatin, ya ce in ce kananzir ne, tsoho ne, ba abin da za a yi masa."

Alhaji Sanda ya miƙe. Fuskarsa ta canja.

"To, ni na sa! Na sa! Fis ya ƙare, ranar kasuwa, fasinjana na sauka suna shiga motar yaron da ni na koya wa tuƙi. In zauna ina kallo? Ƙusa ce a aljihuna, na raba biyu, na ce kowace mota ta huta da mutuwar fis. Na san za ta kama wuta ne? Ni na halicci wuta?" Ya juya kan jama'a yana nuna su da yatsa. "Wa bai gani ba a cikinku? Wa ya miƙo mini filaya? Da kiɗa ya dawo, ba tafi kuka yi ba? Akwai wanda ya ce Alhaji bari?"

"Bayan mata uku sun mutu," in ji Sufeto, "ka bar ɗaya rabin a cikin wannan, ka cika ta da mutane."

Alhaji ya koma ya zauna. Kofur Ƙasimu ya saka masa ankwa.

Sufeto ya ɗaga murya. "Duk wanda ya ga lokacin da aka saka ƙusar nan, ya matso in ji sunansa."

Mai shayi ya tuna ruwansa na tafasa. 'Yan kamasho suka tuna ana kiran salla, alhali ba a kira ba. Fasinjojin da aka sauke suka kwashi kayansu suka nufi wata bas, suna tambaya ko da sauran wuri. Kafin Landiroba ta fita ƙofar tasha da Alhaji da Ɗanbala a baya, wata motar ta saki kiɗanta.

A caji ofis, Sufeto da kansa ya buɗe wa Malam Sulaimanu. Tsohon ya rame, leɓɓansa sun bushe. Sufeto ya tsuguna a gabansa ya yi masa bayani dalla-dalla, da wayar, da ramin, da ƙusar. Ya maimaita masa har ya tabbata ya gane.

"To ba kananzir ɗina ba ne."

"Ba shi ba ne, Baba. Ba ka da laifin komai. Tashi in kai ka gida."

Malam Sulaimanu bai tashi ba.

"Da kiɗan nan ya mutu a tasha," in ji shi, "Mero ta ɗauki ƙullinta. Ta ce Malam, mu bi mutane mu koma waccan, rana na yi. Har ta sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Ni na ce ta koma ta zauna. Ba ta taɓa shiga mota mai kiɗa ba. Na ce yi haƙuri, yanzu za a gyara, ki ji abin da 'yan birni ke ji."

"Baba, wannan ba laifi ba ne."

"Ta koma ta zauna. Ba ta taɓa yi mini musu ba."

Sufeto ya kama mai laifi, ya sa ya amsa da bakinsa a gaban jama'a, amma bai iya sauke wa tsohon nan komai ba. Malam Sulaimanu ya dafa bango ya miƙe. Ya ƙi shiga Landiroba. Ya ce shi da mota har abada. Sufeto ya tsaya a bakin ƙofa yana kallonsa, har ya sha kwanar hanyar Kangire.

Yanzu ga inda magana take. An ba da belin Alhaji Sanda. Ya ce a firgice ya yi waccan maganar, bai san abin da yake faɗa ba. Dattawan gari sun zaga gidajen mamatan, kowane gida an ce an yafe, an bar wa Allah. Sun je wa Hambali ma, sun tuna masa wanda ya yi masa aure, ya fara cewa ba ya tuna komai sosai. Sufeto Badaru na da ƙusa guntu biyu da ƙonannen akwati, amma ba shi da mutum ɗaya daga tashar nan da zai tsaya gaban alƙali ya ce na gani. Ba a kuma ɗaga kujerar ko mota ɗaya ba a duk tashar don a ga abin da ke cikin gidan fis ɗinta.

Tashar a cike take ran nan, ranar kasuwa ce. In kana cikinta, ko ɗan'uwanka, ko maƙwabcinka, ka san abin da aka gani. Tashi ka tafi caji ofis, ka nemi Sufeto Badaru, ka ba da sunanka. In kuma ba ka nan, to gobe in za ka shiga mota mai kiɗa, ka ce direba ya ɗaga kujera ya nuna maka fis. In ya ƙi, ka sauka, ka faɗa wa na kusa da kai dalili da babbar murya, ko da duk tashar za ta yi maka dariya.